Yadda Ake Kafa Lambun Abinci a Cikin Gida da Tsarin Famakalca

Mafi yawan masu sha'awar lambu a gida da sayen iri suke farawa. A yi shuka cikin ɗoki, ta tsiro kore shar, bayan sati uku rana ta ƙone rabi, ƙwari su cinye saura, mai lambu ya ce hannunsa ba ya karɓar shuka. Alhali hannun lafiyarsa ƙalau, jerin aikin ne aka juya. Iri kusan shi ne na ƙarshe. Kafin a kai gare shi akwai kallon wuri, akwai ruwa, akwai ƙasa, kuma haka za mu bi aikin a nan.

Wasu 'yan Ostareliya biyu, Bill Mollison da David Holmgren, su suka tsara famakalca, wato tsarin noma mai kwaikwayon yadda daji yake rayuwa, a tsibirin Tasmaniya a shekarun 1970, littafinsu na farko ya fito a 1978. Sun dubi yadda daji yake rayuwa ba mai kai masa taki, ba mai yi masa ban-ruwa, suka kuma dubi dabarun manoman gargajiya na sassan duniya, suka haɗa su a tsari guda. Gundarin maganar shi ne, abin da wani sashe na gida ya zubar ya zama abincin wani sashe. Ruwan rufi ya tafi wajen bishiya, ganyen bishiya ya rufe ƙasa, ɓawon kayan miya ya zama taki, takin ya koma fangali. Idan aka ɗaura waɗannan da kyau, kowace shekara aikin raguwa yake yi, amfanin yana ƙaruwa.

Mataki na farko: kalli wurin kafin ka taɓa shi

Ɗauki takarda ka zana filin gidan, da ɗakuna, da katanga, da famfo ko rijiya, da indararo, da duk bishiyar da take nan. Sai ka fita sau uku a yini, da hantsi, da tsakar rana, da la'asar, ka yi alama inda rana take da inda inuwa ta sauka. Masu 'ya'ya, wato tumatir, barkono, kuɓewa, kabewa da masara, suna son rana ta awa 6 zuwa 8. Masu ganye kamar alayyafo, latas da na'a-na'a awa 3 zuwa 5 ta ishe su, kuma a wuri mai zafi sun fi jin daɗin ranar safe da inuwar yamma. Ka tuna inuwar katanga tana sauya wuri da sauyin watanni.

Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi kada ka zauna a ɗaki. Fita ka ga ta ina ruwan yake shigowa, ina yake gudu, ina yake kwanciya, ta wace kafa yake fita. Minti goma na wannan kallon ya fi wata guda na tunani. Haka iska: ta wane gefe mai ƙarfi ko mai bushewa take kaɗowa?

Akwai tambayar da ake yawan mantawa: me aka taɓa yi a wurin? Idan tsohon juji ne, ko an taɓa fasa batura, ko gyaran mota, ko akwai ɓarɓashin tsohon fenti, to ƙasar tana iya ɗauke da gubar dalma, kuma dalma ba ta ruɓewa. A irin wannan wuri a shuka abinci a buhu ko akwati da ƙasar da aka kawo daga wani wuri mai tsabta.

Daga nan sai rabon wuri. Masu famakalca suna kasa fili yanki-yanki daga 0 zuwa 5, sifili shi ne gidan kansa, biyar kuma dajin da ba a taɓawa. A ƙaramin gida biyu ko uku kawai za su yi maka aiki, kuma ƙa'idar mai sauƙi ce: abin da kake buƙata kullum ya zauna kusa da ƙofar kicin, abin da kake leƙawa sau ɗaya a sati ya koma can baya. Ganyen da za a tsinka ana cikin girki, idan yana bayan gida can lungu, ba za a je ba. Wanda ake wucewa ta gabansa sau goma a yini kuwa, tun ranar da ya fara yaushi za a gani.

Ka fara da fangali ɗaya ko biyu. Na san ɗoki zai ce a gyara filin duka, amma fangali ɗaya da ya samu kulawa ya fi goma da ciyawa ta cinye.

Mataki na biyu: ruwa

A nan nake so a daɗe, domin lambun gida da yawa ƙishi ne ajalinsu, alhali ruwan da zai raya su yana bin lambatu yana fita waje.

Lissafin ba wuya. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Rufin da ya kai murabba'in mita 50, idan aka yi ruwa na milimita 20, ya zubar da lita 1,000. Inda ake samun milimita 600 a shekara, wannan rufin kaɗai lita 30,000 yake zubarwa. Ko an cire abin da ya fantsame, saura ba kaɗan ba ne. Sa indararo ya zuba a tanki ko duro, ka ɗora shi a kan bulo don ruwan ya riƙa gangarowa da kansa. Ruwan farko da ya wanko ƙura da kashin tsuntsaye a bar shi ya zube gefe. Bakin tankin a rufe shi da raga mai ƙananan idanu saboda sauro, a kuma yi masa murfin da yaro ba zai iya ɗagawa ba. Sannan ka tanadi inda rarar za ta bi idan ya cika: gindin bishiya.

Sai dai tankin da ya fi kowanne girma da araha ita ce ƙasar kanta. Abin da ake so shi ne ruwa ya rage gudu, ya bazu, ya nutse. Idan filinka yana da gangare, ana haƙa ɗan kwari a gicciye, a kan layin da ƙasa take daidai wa daida, a tara ƙasar da aka haƙo a gefen da ruwa yake gangarawa ta zama kunya, a shuka bishiyoyi a kanta. Don gano wannan layin, ɗaure sanduna biyu masu tsawo ɗaya a sama, ka gitta ta uku a tsakiya, ka rataya igiya mai dutse daga ƙololuwa. Kafa ƙafafun biyu a ƙasa, ka yi alama inda igiyar ta taɓa sandar gicciye. Juya ƙafafun, kowace ta koma gurbin 'yar'uwarta, ka sake alama. Tsakiyar alamun biyu ita ce ma'auninka: duk inda igiya ta tsaya a kanta, ƙafafun biyu tsayinsu ɗaya. Haka za ka riƙa takawa da shi kana kafa turaku har ka tsallake filin. A gida, kwari mai zurfin santimita 20 zuwa 30 ya wadatar. Kada a haƙa shi kusa da gini. A bar aƙalla mita 3 tsakaninsa da harsashi, kuma a gangare mai tsanani a haƙura da shi gaba ɗaya.

Inda ƙasa ta bushe ta yi tauri, akwai dabarar ramukan zai, wadda manomin Burkina Faso Yacouba Sawadogo ya farfaɗo da ita a shekarun 1980 har ya mai da fako daji. Rami ne mai faɗin santimita 20 zuwa 30, zurfi 10 zuwa 20, a zuba masa taki cikin tafi ɗaya ko biyu tun kafin saukar ruwa. Gara ta zo cin takin, ta huda ƙasar, ruwa ya bi hanyoyinta ya sauka.

Ga lokacin rani, ban ga abin da ya kai tulun ƙasa ba. Samo wanda ba a shafe shi da fenti ko siminti ba, irin mai tsattsafo, ka binne shi har wuya a tsakiyar fangali, ka cika shi, ka rufe bakin. Idan ƙasar da ke kewaye ta bushe sai ta ja ruwa ta jikin tulun, idan ta jiƙe sai ta daina. A shuka a kewayensa, tazarar taƙi ɗaya ko biyu. Bayan 'yan makonni in ka tona za ka tarar saiwoyi sun nannaɗe shi kamar an saƙa masa riga. Manoman Sin sun rubuta wannan dabara fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Ana ƙara masa ruwa bayan kwana biyu zuwa biyar, gwargwadon girmansa da zafin gari.

Saura ruwan wanka da na wanke-wanke. Wannan na bishiyoyi ne, kada a zuba shi a kan ganyen da ake ci ɗanye, kada kuma a ajiye shi ya wuce yini guda, wari zai yi. Mai bilic, da mai gishiri da yawa, da na wankin ƙazantar jarirai, duk a kai su wani wuri. Inda ayaba take yi, a haƙa rami mai faɗin mita 2, zurfi kamar rabin mita zuwa mita guda, a tara ƙasar a kewaye, a cika ramin da kara da busasshen ganye da rassa, a kai bututun ruwan ƙarƙashin wannan tarin. A kan kunyar a dasa ayaba huɗu zuwa shida, a sa dankali ya rufe gefen waje. Ruwan ba ya fitowa fili, saboda haka ba sauro, ba wari.

Mataki na uku: ƙasa

Gwaji biyu sun isa, kuma ba kuɗi. Na farko, zuba ƙasa kashi ɗaya cikin uku na kwalba mai garai-garai, ka cika da ruwa, ka girgiza sosai, ka ajiye. Yashi zai kwanta cikin minti ɗaya ko biyu, ƙasa mai laushin gari ta bi bayansa cikin 'yan awanni, yumɓu kuwa sai ya kwana, wani lokaci ya ƙara. Kaurin kowane layi zai gaya maka abin da ya fi yawa. Na biyu, haƙa rami mai zurfin santimita 30, ka cika shi da ruwa, ka bari ya tsotse, ka sake cikawa. Idan na biyun ya ɓace cikin 'yan mintuna, ƙasarka ba ta riƙe ruwa. Idan ya kwana yana nan, ta riƙe fiye da kima.

Wannan shi zai nuna maka siffar fangalin. Wuri mai yashi ko ƙarancin ruwan sama, fangali ya nutse ƙasa da hanya da kamar santimita 10, ya zama kwano mai tara ruwa. Wuri mai laka ko yawan ruwa, a ɗaga shi santimita 20 zuwa 30. Mutane suna ganin hoton lambu mai ɗagaggun akwatuna a intanet su kwaikwaya a busasshiyar ƙasa, sai su wuni suna ban-ruwa. Abin daɗin shi ne maganin yashi da maganin laka ɗaya ne: ruɓaɓɓen ganye da taki, da yawa, kowace shekara.

Faɗin fangali kada ya wuce mita 1.2, yadda hannu zai kai tsakiya daga kowane gefe. In a jikin katanga yake, santimita 60. A bar hanya ta rabin mita. Daga ranar da aka shata shi, ƙafa ba ta sake hawa kansa, domin taku yana danne ƙofofin da iska da ruwa suke bi.

Ga yadda ake gina shi ba tare da kifar da ƙasa ba. Sare ciyawar wurin ka bar ta a kwance. Idan ƙasar ta yi tauri sosai, soka diga ko cokalin haƙa ka ɗan girgiza don ta buɗe, amma kada ka juya ta. Jiƙa wurin sharkaf. Barbaɗa taki. Shimfiɗa kwali marar sheƙi wanda aka cire wa salatif da ƙusoshi, kowane ya hau kan ɗan'uwansa da santimita 15 zuwa 20, don ciyawa ko 'yar kafa ta samu sai ta fito. Jiƙa kwalin har ya yi laushi. A kansa a zuba ruɓaɓɓen taki haɗe da ƙasa, kaurin santimita 10. A sama kuma a lulluɓe da busasshiyar ciyawa, ko ganye, ko ƙaiƙayi, ko yankakken kara, santimita 5 zuwa 10. Idan takin ya nuna sarai, ana iya dashe a ranar: a buɗe lulluɓin, a huda kwalin da wuƙa, a sa shukar. In kuwa da sauransa, a jira sati huɗu zuwa shida ana jiƙawa.

Lulluɓin nan shi ne rabin famakalca a ƙaramin lambu. Sa hannu a kan ƙasar da take tsirara da tsakar rana, sannan ka cusa shi ƙarƙashin ciyawa, za ka ji bambancin da kanka: can zafi da ƙura, nan sanyi da danshi da ƙamshin ƙasa, wata rana har da tana tana motsi. Yana rage ƙafewar ruwa, yana hana ciyawa, yana tare ɗigon ruwan sama kada ya daddaɓe fuskar ƙasa, a ƙarshe ya ruɓe ya zama abinci. Amma da sharuɗɗa. A janye shi yatsa uku daga jikin shuka don kada gindi ya ruɓe. Kada a yi shi da ciyawar da ta riga ta yi 'ya'ya. Garin katako a sama kawai, in aka cuɗa shi da ƙasa zai kama naitirojin, sinadarin abincin shuka da yake sa ganye kore, na ɗan lokaci, ganye ya yi rawaya. Inda gara take da yawa a nisanta shi da bango da katakon gini. Kuma kunama tana son irin wannan wuri, don haka a fara ɗaga shi da sanda.

Mataki na huɗu: taki

Zaɓi inuwa kusa da fangali. Kayan iri biyu ne: busassu, wato ganye, kara, ƙaiƙayi, yagaggen kwali, da ɗanyu, wato ɓawon kayan lambu, sabuwar ciyawa, kashin shanu, awaki ko kaji. A ma'aunin bokiti, busassu biyu zuwa uku, ɗanye ɗaya. A jera su hawa-hawa ana yayyafa ruwa, har tarin ya kai mita guda a tsawo, faɗi da tsayi. In bai kai haka ba, ba zai riƙe zafi ba. Danshin da ake so: ka damƙi cikin hannu ka matse, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito.

Bayan kwana uku ko huɗu cikinsa zai ɗau zafi, digiri 55 zuwa 65 a ma'aunin Salshiyos, kuma wannan zafin ne yake kashe 'ya'yan ciyawa da yawancin ƙwayoyin cuta. In ba ma'auni, soka ƙarfe ka bar shi minti biyar. Idan ka zaro ba ka iya riƙe bakinsa, aiki yana tafiya. Mai juya shi duk bayan kwana biyu, na waje ya koma ciki, zai samu taki cikin sati uku zuwa huɗu. Wanda ya bar shi kawai zai jira wata uku zuwa shida, kuma ba laifi a hakan. Hanci zai gaya maka matsala: warin fitsari yana nufin ɗanyu sun yi yawa, a ƙara busassu, warin ruɓaɓɓen ƙwai yana nufin ruwa ya yi yawa, a juya shi ya sha iska, in ya zauna sanyi ƙalau, ko ya bushe ko ɗanyun sun yi kaɗan.

Nama, mai, da kashin kare ko kyanwa ba sa shiga. Toka kaɗan-kaɗan, don yawancin kayan lambu sun fi son ƙasa mai ma'aunin tsami 6 zuwa 7, toka kuwa ɗaga wannan lambar take yi, wato tana rage tsamin ƙasa. Ɗanyen kashin dabba kuma kada ya je kai tsaye kan abin da za a ci kwanan nan. Ƙa'idar noman da ba sinadari ta Amurka ta ce a bar kwana 120 tsakanin zuba shi da girbin abin da yake taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa. Ma'auni ne mai kyau ga kowa.

Mataki na biyar: shuka

Yanzu ne lokacin iri. Ka fara rubuta abin da gidanku yake ci a kowane mako, daga nan za ka zaɓa. Sannan ka tambayi waɗanda suka daɗe suna noma a yankinka wane iri ne yake jure yanayinku.

Daji hawa-hawa yake, haka za ka jera lambun. Dogayen bishiyoyi a gefen da inuwarsu ba za ta faɗa kan fangali da safe ba, ko a gefen da iska take kaɗowa su zama kariya. A ƙaramin gida a guji masu girma sosai kusa da gini. A ƙasa mai zafi gwanda, gwaba, lemon tsami da zogale sun dace. Inda ake sanyi mai daskarewa sai tuffa da danginta. Gwanda tana fara ba da 'ya'ya cikin shekara guda, amma akwai namiji akwai mace, don haka a shuka uku a rami, in sun yi fure a rage, a bar namiji ɗaya ga mata da yawa. Zogale a sare kansa idan ya kai mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, zai yi rassa a inda hannu yake kaiwa, abin da aka sare kuma a daddatsa a zube a gindin maƙwabtansa.

Ƙarƙashin bishiyoyi sai masu matsakaicin tsayi: barkono, gauta, kuɓewa, yakuwa. Ƙasa da su masu ganye. A fuskar ƙasa masu yaɗo, dankali da kabewa, su ne lulluɓi mai rai. A cikin ƙasa albasa, karas, tafarnuwa, da citta da kurkum masu son inuwa. Jikin katanga da shinge kuma na masu hawa ne, wake da kokwamba. Gidan da aka dafe shi da siminti ma bai fita ba: buhu mai huji a ƙasa, cike da ƙasa da taki, yana ɗaukar tumatir ɗaya a sama da ganyayyaki a ramukan gefe.

Mafi shaharar haɗin shuka shi ne na asalin mazauna nahiyar Amurka: masara, wake da kabewa. Masara ake fara shukawa. In ta kai santimita 15 a sa wake a gindinta ya hau, kabewa kuma a tsakanin layuka ta rufe ƙasa. In aka shuka su rana ɗaya, wake zai kayar da masarar. Game da wake, ga abin da ya kamata a sani. Tuge ɗaya ka dubi saiwarsa, za ka ga ƙananan ƙulle-ƙulle. Fasa ɗaya da farce, in cikinsa ja-ja ne to bakteriyar da ke ciki tana kamo naitirojin daga iska. Amma yawancin wannan abinci waken ne yake ci, maƙwabta sai bayan jikinsa ya ruɓe suke samu. Saboda haka bayan girbi kada a tuge, a yanke daga gindi, a bar saiwa a ƙasa, a shimfiɗa harawar a sama. Zogale kuwa, duk da abin da ake yawan faɗa, ba dangin wake ba ne, ba ya wannan aikin. Amfaninsa ga ƙasa a ganyensa yake.

Zurfin shuka ninki biyu zuwa uku na kaurin irin. Ƙanana kamar alayyafo a cuɗa su da yashi a barbaɗa. Masara, wake, kuɓewa, kabewa da karas ba sa son dashe, a shuka su inda za su zauna. Tumatir, barkono, gauta, kabeji da albasa a rene su sati huɗu zuwa shida, a dasa da yamma, a ba su ruwa nan take. Tumatir a binne shi har ganyen farko, jikinsa zai fitar da sabbin saiwoyi. Tazara: tumatir santimita 50 zuwa 60, barkono da kuɓewa 40 zuwa 50, albasa 10. Ƙananan iri suna buƙatar a buɗe lulluɓi a yi musu layi, in sun tasa a mayar. Masu ganye kada a shuka su gaba ɗaya. Layi guda duk sati biyu, don kada su zo lokaci ɗaya su wuce lokaci ɗaya. Ban-ruwa a gindi, da safe, a ƙoshi ƙasa sosai sannan a ɗaga ƙafa. Yayyafin kullum saiwa a sama yake tsayar da ita. Cusa yatsa: in gaɓa biyu sun ji danshi, a bari sai gobe.

Kuma a riƙa juya gurbi. Tumatir, barkono, gauta da dankalin turawa dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya. Kada ɗayansu ya gaji ɗan'uwansa a fangali sai bayan shekara uku, in wuri ya ba da hali. Kuɓewa, yakuwa da rama ma gida ɗaya suke.

Mataki na shida: ƙwari

Shekarar farko za su zo, kada ka karaya. Masu cin ganye ne suke fara isowa, masu cin su kuma sai daga baya, in ba a kashe su da feshi ba. Kwaɗo, ƙadangare, gizo-gizo, ƙoƙi-ƙoƙi, tsuntsaye, da 'yar jar buzuwar nan mai ɗigo-ɗigon baƙi, duk ma'aikatanka ne. Ajiye musu kasko mai ruwa da tsakuwa a ciki, ana sauya ruwan duk kwana biyu saboda sauro. Bar ɗoɗɗoya da albasa da karas kaɗan su yi fure, ƙudan zuma ma za su zo, kuma in babu su kabewa ba ta ɗaurawa.

Kowace safiya juya ganye ka duba bayansa, can ƙwai da tsutsa suke. Hannu shi ne magani na farko. Ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ruwan ganye suna barin danƙo, ruwa mai ƙarfi yana kakkaɓe su, ko ƙaramin cokali na sabulu marar turare a lita guda ta ruwa. In abin ya ci tura, daka ƙwayar darbejiya giram 50, a jiƙa a lita guda ta kwana, a tace, a fesa da yamma bayan ƙudan zuma sun tafi. A fara gwadawa a ganye kaɗan. Shukar da ganyenta ya nannaɗe ya yi dabbare-dabbare ta tsumbure, a tuge ta a fitar, kada ta shiga taki. Idan tumatir ko kuɓewa suna yaushi alhali ƙasa da danshi, tuge ɗaya: in saiwar da kanta ce ta kumbura ƙulu-ƙulu, kuma ba ya ɓantaruwa kamar na wake, ƙananan tsutsotsin ƙasa ne da ido ba ya gani. A huta da waɗannan a fangalin, a sa masara, albasa ko furen marigol, a ƙara taki sosai.

Mataki na bakwai: ajiye iri da ƙara fili

Ɗaura ƙyalle a jikin shukar da ta fi lafiya da jure wahala, ita ce ta iri, ba a cin ta. Wake da kuɓewa a bar su su bushe a jikin uwa. Tumatir a matse 'ya'yan da ruwansu a kofi, a bari kwana biyu ko uku ya yi kumfa, a wanke, a shanya a inuwa. Irin da aka rubuta F1 a ledarsa haɗe ne, 'ya'yansa ba za su fito kamar uwar ba. Masara da kabewa suna barbara da na maƙwabta, sai an lura. A adana a kwalba mai murfi, wuri mai sanyi da duhu, a rubuta suna da shekara. Irin albasa da ƙyar yake wuce shekara guda, na tumatir yana kai huɗu ko fiye.

Fangali na gaba kada ka buɗe shi sai abu uku sun tabbata: na farko yana rufe da lulluɓi ko shuka duk shekara, takinka yana isarsa har da rara, ruwan da ka tanada kuma ya kai ka ƙarshen rani. In sun cika, shimfiɗa kwalin sabon a jikin tsohon, wata ɗaya ko biyu kafin saukar ruwa, ka fara shi da wake ko gyaɗa.